DARASIN KYANDIR: YADDA ZA A KOYA WA YARANMU LISSAFIN MIƘAƘƘEN LAYI



Duk sa'ad da sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito, iyaye sukan zo gidan Fada da kuka iri ɗaya: yaro ya ci Turanci, ya ci ilimin addini, amma lissafi ya kayar da shi. Wanda kuwa bai ci lissafi ba, shiga jami'a ko makarantar koyon jinya yakan yi masa wuya ƙwarai. In aka bi sawu, za a tarar yawancin yaran nan sun rabu da lissafi tun ranar da malami ya rubuta y = mx + c a allo, ya ce su haddace. Sun haddace kamar aku, ba tare da sun san abin da haruffan suke nufi ba. A ganina, bai kamata yaro ya gamu da waɗannan haruffa ba sai bayan ya auna abu da hannunsa, ya gani da idonsa. Maganar ta shafi iyaye kamar yadda ta shafi malamai, domin Babban Taron Batikan na Biyu, cikin sanarwarsa a kan ilimi ta shekarar 1965, ya tabbatar cewa iyaye su ne malaman farko na 'ya'yansu.

Ga abin da za a tanada: kyandir na kasuwa wanda kaurinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa, da rula, da agogo, da faranti cike da yashi inda za a kafa kyandir ɗin saboda gudun gobara. Kada kuma wani ya ce Fada ya ba shi izinin ɗauko kyandir daga bagade.

Da safe, kafin a kunna, yara su auna tsawonsa su rubuta. A ce ya kai santimita 18. A kunna shi a kusurwar aji inda iska ba ta kaɗawa, a ci gaba da sauran darussa. Duk bayan awa ɗaya a kashe, yaro ɗaya ya auna, a rubuta, a sake kunnawa. A ce bayan awa ɗaya an sami 15, bayan biyu 12, bayan uku 9. A nan sai malami ya dakata ya yi tambaya: yaushe kyandir ɗin zai ƙare? Ko yaron da ake ce wa daƙiƙi zai lura cewa kowace awa wuta tana cin santimita 3, ya ce bayan awa shida. To, wannan yaro ya riga ya yi aljabra bai sani ba.

Sai a zo ga zane. A ja layi ɗaya a kwance domin awoyi, a ja wani a tsaye domin tsawon kyandir, su haɗu a sifiri. Kowane awo da aka yi ya zama ɗigo guda: a tafi dama gwargwadon awoyi, a hau sama gwargwadon tsawo. In aka ɗora rula, za a ga ɗigogin sun jeru bisa miƙaƙƙen layi mai gangarawa. Yanzu ne, ba da fari ba, malami zai rubuta y = 18 − 3x, ya bayyana cewa x awoyi ne, y tsawon da ya rage. Lambar 18 ita ce inda aka fara, wato inda layinmu ya taɓa layin tsaye. Lambar 3 ita ce gangara, wato abin da ke raguwa kowace awa. Inda layin ya sauka kan layin kwance, a kan 6, nan ne kyandir ya ƙare. A tambaye su kuma: da kyandir ɗin Ista muka kunna, mai kaurin nan, yaya layinsa zai kasance? Za su gane da kansu cewa gangararsa ba za ta yi tsanani ba, gama a hankali yake ci.

Akwai abin da nake roƙon malamai su kiyaye. Awon gaske ba ya fitowa cif kamar misalin da na bayar. Wani lokaci za a sami 12 da ɗan ɗori, wani ɗigo ya kauce daga layi kaɗan. Yara za su so su goge su rubuta abin da ya fi kyau a ido. Kada a yarda. A rubuta abin da rula ta nuna, sa'an nan a nemi dalili: ko iska ta shigo, ko mai awo ya karkata rula. Yaron da ya saba gyara lamba a aji domin ta dace da son ransa, ina jin tsoron abin da zai yi ranar da aka danƙa masa littafin kuɗin Ikilisiya.

Inda babu takarda isasshiya, filin makaranta ya wadatar. A shata layukan biyu a ƙasa da sanda, a sa alama a kowane taki. A ba yara biyar lambobi daga 0 zuwa 4, a ce kowa ya ninka lambarsa sau biyu ya ƙara ɗaya, sa'an nan ya taka dama gwargwadon lambarsa, ya taka gaba gwargwadon amsarsa. A miƙa igiya daga na farko zuwa na ƙarshe. Wanda ya yi kuskure zai ga igiya ta wuce ta bar shi, ba sai an yi masa tsawa ba.

Ya kamata kuma su san ba kowane abu ne ke bin miƙaƙƙen layi ba. Uwa tana iya nuna wannan a gida. In ana zuba ruwa moɗa-moɗa cikin duro, tashinsa daidai yake kowane zubi. Amma a randa, ruwan yakan tashi da sauri a gindi, ya yi nawa a tsakiya inda cikinta ke da faɗi, ya sake sauri wajen wuya. Layin randa lanƙwasasshe ne.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a Ikilisiya. Nicole Oresme, wanda ya zama Bishop na Lisieux a Faransa a shekarar 1377, yana cikin na farko da suka nuna sauyin abu, kamar saurin tafiya, ta hanyar zane. René Descartes kuwa, wanda ya haɗa aljabra da zane cikin littafinsa na 1637, ya kuma saba wa duniya da yin amfani da x da y, a makarantar limaman Jesuit ta La Flèche ya yi karatu.

Malamin da ya gwada darasin kyandir ya ajiye takardun awon yara. Bayan mako guda ya kawo kyandir mai wani kauri dabam, ya bar su su auna sau biyu kawai, su faɗi lokacin ƙarewarsa tun yana ci.