Raɗa Sunaye a Ƙagaggen Labari

4.1 Gabatarwa

Marubucin da ya ƙago duniyar da babu ita, wajibi ne ya raɗa wa garuruwanta da mutanenta sunaye bisa tsari. Idan suna ya saɓa wa al'adar masu shi, mai karatu zai daina gaskata labarin. Alal misali, J.R.R. Tolkien na Ingila sai da ya ƙago harsuna kamar Kwenya, sannan ya ciro sunaye da dama daga cikinsu.

4.2 Tushen Sunaye

Za a iya nazarin wannan tsari a Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991:

(a) Yanayin ƙasa: Dutse, saboda duwatsunta, Jigawa, wato tudun rairayi.

(b) Tsaro: Birnin Kudu da Kafin Hausa. Birni na nuni da ganuwa, kafi kuwa shingen itatuwa.

(c) Yanayin haihuwa: Tanko, namijin da ya biyo mata, Gambo, mai bin tagwaye.

Ke nan, bai dace a kira mazaunin makiyaya masu ƙaura da birni ba.

4.3 Aiki

Jagoranci ɗalibanka su ƙago ƙasa, su raɗa sunaye biyar, tare da bayyana dalilin kowanne.