Suɓutar Yatsa: Nazarin Maɓallan Yanke da Hanyoyin Kauce wa Aika Imel Bisa Kuskure

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda saƙon imel kan tafi kafin mai shi ya kammala shi, sakamakon danna wasu maɓallai biyu ko uku a tare. An kwatanta tsarin aikawa a manhajoji huɗu, wato Outlook da Gmail da Thunderbird da Apple Mail, an kuma dangana bayanin da yanayin aiki a Dutsin-Ma da Kurfi. Maƙalar ta nuna cewa mai rubutu da Hausa yana da nasa haɗari na musamman, saboda dabarun da yake bi wajen samar da haruffa masu lanƙwasa. A ƙarshe an kawo matakan rigakafi.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa. Sai dai wasiƙar takarda tana da rangwame a kan wannan. Tsakanin rubuta ta da isarta akwai naɗewa da liƙe ambulan da neman ɗan aike ko zuwa gidan waya, kuma a kowane mataki mai ita yana iya fasawa. Imel ya shafe wannan tazara. Ƙa'idar isar da saƙo da ake kira SMTP, wadda aka shimfiɗa a 1982, ba ta tanadi hanyar janye saƙon da ya riga ya isa ba.

Dutsin-Ma gari ne na ilimi. Akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Kurfi, wadda ke kan hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma, tana da ofisoshin ƙaramar hukuma da makarantu da shagunan buga takardu. Ta imel ake musayar maƙalu da rahoton tantancewa da tambayoyin jarrabawa da takardun neman aiki. Idan rahoton mai tantance maƙala ya tafi ga marubucin da sunansa a jiki, an rushe sirrin tantancewa. Idan sakamakon ɗalibai ya faɗa hannun da bai kamata ba, batun ya shafi Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023.

2.0 Ma'anar Maɓallan Yanke

Maɓallan yanke su ne maɓallai biyu ko fiye da ake dannawa lokaci guda domin a ba kwamfuta umarni ba tare da an bi jerin zaɓuɓɓuka ba, kamar yadda matafiyi kan bar hanya ya bi yanke. Kuskuren da ke biyo bayan goce musu shi ne aka kira suɓutar yatsa a nan, bisa kwaikwayon suɓutar baki.

A Gmail da Thunderbird, Ctrl da Enter ne ke aika saƙo. A Outlook na kan kwamfuta hanya biyu ce: Ctrl da Enter, ko Alt da S. A Apple Mail kuwa, Command da Shift da D ake haɗawa.

3.0 Musabbabin Kuskuren

3.1 Sabo da Wata Manhaja

Galibin manazarta a Microsoft Word suke wuni. A can, Ctrl da Enter sabon shafi suke buɗewa, Ctrl da S kuma adana aiki suke yi. Hannun da ya saba da adana rubutu a kai a kai saboda tsoron ɗaukewar wuta, da zarar ya sauka a kan Alt maimakon Ctrl a cikin Outlook, saƙo ya tafi. Haka nan wanda ya saba da WhatsApp na kwamfuta yana danna Shift da Enter don sauka sabon layi, alhali Ctrl yana ƙarƙashin Shift ne daf da shi.

3.2 Haruffa Masu Lanƙwasa

Nan ne matsalar ta fi shafar malamin Hausa. Allon maɓallan da ake sayarwa a kasuwanninmu na Ingilishi ne, babu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a kansa. Samfurin rubutu na Rabi'at, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, ya daɗe yana fitar da marubuta kunya a kan takarda. Amma a imel, idan mai karɓa ba shi da samfurin, wasu alamomi dabam yake gani a gurbin haruffan. Wannan ya sa ake komawa ga tsarin Unicode, inda kowane harafi ke da lambarsa: ɓ tana da 0253, ɗ tana da 0257, ƙ tana da 0199, ƴ kuma 01B4.

A Word da Outlook, akan buga lambar sannan a danna Alt da X, sai ta rikiɗe ta zama harafin. To, a allon maɓallai X tana ƙarƙashin S ne, kusan gefe da gefe. Ke nan tazarar da ke tsakanin rubuta ƙ da aika saƙo ba ta wuce faɗin yatsa ba. Wasu kuma sukan ƙirƙiri nasu yanken a Word, kamar Alt da D domin ɗ, ga shi D maƙwabciyar S ce ta dama. Idan aka yi la'akari da yawan waɗannan haruffa a kalmomin yau da kullum irin su ɗalibi da ƙarshe da ɓangare da maƙala, za a ga cewa a sakin layi guda marubuci kan ratsa bakin ramin sau da dama.

3.3 Raunin Sadarwa

Inda intanet ke yankewa, saƙon da aka aika bisa kuskure ta Outlook ko Thunderbird yana iya maƙalewa a akwatin fita. Wannan dama ce ga wanda ya lura, domin zai iya goge shi. Ga wanda bai lura ba kuwa tarko ne, don saƙon na iya wucewa da kansa idan sadarwa ta dawo.

4.0 Matakan Rigakafi

4.1 Jinkirta sa adireshi. Manhajar imel ba ta aika saƙon da ba shi da mai karɓa. Saboda haka a fara da maƙala takardar da za a tura, a rubuta saƙo, a karanta, sannan a sa adireshi. Idan amsa ake bayarwa kan al'amari mai nauyi, a cire adireshin tukuna. Wannan mataki ya fi dacewa da masu aiki a shagunan buga takardu, inda kwamfutar ba tasu ba ce balle su sauya mata tsari.

4.2 Kashe yanken ko neman tabbaci. A Outlook, a bi File, sai Options, sai Mail, a cire alamar da ke ba Ctrl da Enter ikon aikawa. A lura cewa wannan bai taɓa Alt da S ba. Kashe shi aikin jami'an sashen kwamfuta ne. Thunderbird yana da zaɓin tambayar tabbaci duk lokacin da aka yi aike ta maɓallan yanke, kuma bai kamata a kashe shi ba.

4.3 Sa jinkiri. Tun 2015 Gmail ya shigar da damar fasa aike cikin tsarinsa na dindindin, da zaɓin daƙiƙa 5 ko 10 ko 20 ko 30. A zaɓi 30. Apple ya kawo irin wannan dama a 2022. A Outlook ana iya kafa ƙa'idar riƙe kowane saƙo na wasu mintoci, har zuwa 120. Duk waɗannan riƙe saƙo suke yi kafin ya fita. Umarnin janye saƙo na Outlook kuwa sai tsakanin ma'aikatan hukuma ɗaya masu amfani da tsarin Microsoft, don haka ba abin dogaro ba ne.

4.4 Raba wurin rubutu da wurin aike. Doguwar wasiƙar Hausa a rubuta ta a Word, a daidaita haruffanta a can, sannan a kwafo. Haka kuma sa allon maɓallan Hausa na Windows ko manhajar Keyman yana raba marubuci da buga lambobi.

5.0 Kammalawa

An ga cewa suɓutar yatsa ta fi alaƙa da tsarin allon maɓallai da sabon hannu fiye da sakacin marubuci, kuma masu rubutu da daidaitacciyar Hausa sun fi kusa da ita. Ana ba da shawarar sassan Hausa su sa wannan batu cikin darasin ƙa'idojin rubutu da dabarun bincike, sassan kwamfuta na manyan makarantu kuma su kafa jinkirin aike a kwamfutocin ofisoshin jarrabawa da na editocin mujallu. Akwai kuma buƙatar masana harshe su zauna su daidaita kalmomin wannan fanni, domin a riƙa koyar da shi da Hausa tun daga tushe.