Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Hana Najeriya Auka wa Nijar?

Wani dillalin shanu a mayankar Oko-Oba, mazaunin Zangon Agege, yana tambaya: me ya hana Najeriya auka wa Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023?

To Malam, Tinubu gaba kura baya sayaki ya shiga. Yana shugabantar ECOWAS aka ba Janar Tiani, jagoran juyin mulkin, wa'adin mako guda ya mayar da Shugaba Bazoum kan mulki, Faransa na mara baya. A gida kuwa Majalisar Dattawa ta ƙi yarda da yaƙi, malamai suka garzaya Yamai neman sulhu. Wa zai harbi Maraɗi bai ji kuka a Katsina ba? Kai ma ai ka ji a jika da aka rufe iyaka, shanu suka yi wuya. A Fabrairun 2024 ECOWAS ta janye yawancin takunkumin da ta ƙaƙaba wa Nijar.