Amsoshin Tambayoyinku: Daga ina kalmar "stereotype" ta samo asali?

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana son sanin ma'ana da asalin kalmar "stereotype" da ake amfani da ita a maɗaba'a.

To Malam, kalmomin Girkanci biyu aka haɗa: "stereos", wato abu mai tauri, da "typos", wato tambari. Ana danganta ƙirƙirarta ga Firmin Didot, wani mai buga littattafai a Faransa, a ƙarshen ƙarni na 18.

A wancan zamani, haruffan ƙarfe ake jerawa ɗaya bayan ɗaya har a cika shafi, aiki mai cin rai ƙwarai. Sai aka yi dabarar ɗaukar zubin shafin gaba ɗaya, a kwarara narkakkiyar dalma a ciki, a sami faranti guda. Wannan farantin shi ne "stereotype". Da shi sai a yi ta bugu, haruffan kuma a kwashe su zuwa wani aikin.

A 1922 ɗan jaridar Amurka Walter Lippmann ya yaɗa sabuwar ma'anar kalmar, wato yi wa jama'a kuɗin goro. Da fatan ka gamsu.