Awon Ruwan Tanki Ba Tare Da Sanda Ba

Manoman albasa na Aliero da Maiyama, da masu sayar da mai a Jega, duk sun san wahalar awon tanki. Yaro ya hau tsani, ya zura sanda, ya duba inda ta jiƙe. Wani lokaci ya zame ya faɗi, in kuwa tankin fetur ne, tururinsa na iya kama wuta. To, akwai wata na'ura da ta ɗauke wannan aiki, sunanta rada.

Da rada aka riƙa gano jiragen sama a Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945. Aikinta kamar amsa-kuwwa ne. In ka leƙa rijiya ka yi kira, muryarka takan dawo, kuma gwargwadon zurfin rijiyar gwargwadon jinkirin dawowarta. Haka rada take. Ana ɗaura ta a bisa murfin tanki, ba ta taɓa ruwan. Sai ta aika igiyar rediyo ƙasa, ta bugi fuskar ruwa ta komo. Igiyar nan tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, watau gudun haske. Na'urar ta lissafa lokacin, ta raba biyu domin tafiya ce da dawowa, sa'an nan ta san tazarar da ke tsakaninta da ruwa.

Ga misali. Tanki mai siffar ganga, tsayinsa mita 4, faɗinsa mita 2. Rada ta sami tazarar mita 1 da rabi. Ka debe daga 4, saura mita 2 da rabi, shi ne zurfin ruwa. A irin wannan tanki kowace santimita tana ɗauke da lita 31 da 'yan kai, ke nan kana da wajen lita 7,850.

Amma a lura. Kumfa mai kauri takan raunana amsar. Kada a ɗaura na'urar daidai inda ruwa ke zubowa, ko bisa tsanin da ke cikin tanki, gama sai ta auna tsanin maimakon ruwa. A riƙa share bakinta.

Ko da rada ko da sanda, ku rubuta awo da magariba bayan kulle famfo, ku sake dubawa da asuba. In santimita 5 ta tafi, lita 157 ta tsiyaye ke nan. Ku nemi inda yake yoyo tun albasa ba ta ji ƙishirwa ba.