Wasa Sarƙar Injin Sare Itace: Darasin Da Na Ɗauko Daga Gonakin Dambatta



A dogon hutun bara na koma ƙauyenmu da ke tsakanin Dambatta da Makoda, na riƙa bin kawuna wajen aiki. Yana da injin sare itace, ana ɗaukarsa ya kayar da darbejiya ko mangwaron da ya bushe, wani lokacin kuma ya tsaga gungume a fitar da katako. Ranar farko na ɗauki injin na ɗora a kan gungumen darbejiya. Ƙara kamar zai tashi sama, hayaƙi ko'ina, amma yankan ba ya tafiya. Sai na ce, "Kawu, ina jin kafireto ne." Ya yi dariya, ya duƙa ya ɗebo abin da injin ya zubar ya zuba mini a tafin hannu. Ya ce, "Ɗan boko, wannan gari ne ko ɓarzajje?" Gari ne, lukui kamar na tuwo. Ashe lafiyar injin ƙalau, sarƙar ce ta dakushe.

Darasin farko ke nan. Sarƙa mai kaifi tana fitar da ƙananan ɓaraguzai masu faɗi, kuma ita ke jan kanta cikin itacen. Idan ka ga ƙura na fita, ko sai ka danna da ƙarfinka, to ka kashe injin. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk mintin da injin ya yi yana gogar itace a banza, kuɗin cefane ne ke ƙonewa.

Kowane haƙorin sarƙa ɗan ƙaramin gizago ne, irin na masassaƙa, yana fere itacen ne. Yana da kaifi a sama da kuma a gefe, sannan akwai tsinin da suka haɗu, wanda shi ke fara shiga. Haƙoran a jere suke, ɗaya na dama ɗaya na hagu. A gaban kowane haƙori akwai wani ɗan tudun ƙarfe marar kaifi, shi ke ƙayyade zurfin lomar da haƙorin zai ɗiba. Wani mai saran itace a Amurka, Joseph Cox, shi ya fito da wannan siffa bayan ya lura da yadda tsutsar cikin itace ke ci da muƙamuƙinta, ya kafa kamfanin da ake kira Oregon a 1947.

Kafin ka sayi magagari, ka san girman sarƙarka. Ka auna tazarar ƙusoshi uku da ke jere, daga tsakiyar na farko zuwa tsakiyar na uku, ka raba biyu. In ka samu kusan milimita 10.3, sarƙar 0.404 ce, irin ta manyan injina kamar Stihl 070 da kwaikwayonsa na Caina, kuma zagayayyen magagari mai kaurin milimita 5.5 take so. In 9.5 ce, to 3/8 ke nan, tana ɗaukar 5.2 ko 5.5 gwargwadon kamfani. Ta 0.325 kuwa 4.8, ƙananan injina masu gajerun haƙora 4.0. Siririn magagari yana yi wa haƙori ƙugiya, ya yi kaifi na ɗan lokaci sannan bakin ya karye. Wanda ya yi kauri kuma ba ya fitar da bakin kwata-kwata.

To ga yadda ake yi. A kashe injin, a ɗaure sarƙar daidai yadda ba za ta riƙa rawa ba, a kafe dogon ƙarfen da take bi. A gona Kawu yakan ɗan tsaga kututture ya cusa ƙarfen a ciki. Nemo haƙorin da ya fi kowane gajarta, ka shafa masa alli, daga shi za ka fara kuma tsawonsa sauran za su bi. Ka kwantar da magagarin a cikin lanƙwasar haƙorin, kusan kashi ɗaya cikin biyar na kaurinsa ya leƙo sama da haƙorin. Ka karkata shi digiri 30 daga layin da ya gitta ƙarfen. Yawancin sarƙoƙi masu kyau suna da wani ɗan zane a bayan haƙori, shi ke nuna maka wannan karkatar, kuma shi ne iyakar da in ka kai sai a sauya sarƙa. Tura magagarin daga cikin haƙori zuwa waje, da hannu biyu. In za ka dawo ka ɗaga shi, don a turawa kaɗai yake ci, jan sa baya kashe shi yake yi. Sau biyu zuwa uku ya isa in dakushewar yau da kullum ce. Ka gama na gefe ɗaya duka, sannan ka juya injin ka yi na ɗaya gefen.

A nan ni na sha kunya. Hannun dama ya fi mini ƙarfi, sai haƙoran gefe ɗaya suka fi cinyewa. Da na zo yanka, injin ya riƙa kwana kamar keken da aka bugi kansa, ƙarshe ya maƙale a tsakiyar gungume sai da muka sa turaku muka ɓanɓaro shi. Kawu bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ka riƙa ƙirgawa, kuma ka riƙa aunawa."

Yanzu ga inda batun sauri yake, kuma nan ne ake rasa jini. Saman haƙori a gangare yake zuwa baya, saboda haka duk lokacin da ka wasa shi yana ƙara yin ƙasa, alhali tudun gabansa yana nan yadda yake. A hankali sai tudun ya hana haƙorin cizo, ko da kaifinsa ya kai aska. Bambancin da ake so tsakaninsu kusan milimita 0.65 ne, a babbar sarƙa ta 0.404 kuma kusan 0.8. In ba ka da ma'aunin kamfani, ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan haƙora biyu, ka zura siraran ƙarafan nan da muke auna tazarar fulogi da su a wokshop. Ka rage tudun da shimfiɗaɗɗen magagari, sannan ka ɗan zagaye gabansa kamar yadda yake tun asali. Bayan wasawa uku ko huɗu ka sake dubawa.

Wasu masu aikin sukan zaftare tudun nan sosai, wai don injin ya ci da sauri. A itace mai laushi yana iya ruɗinka na ɗan lokaci. Amma kai shi kan tsamiya ko ƙirya ka gani: fizga, girgiza har cikin kafaɗa, injin ya riƙa shaƙewa. Sarƙar tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Idan saman hancin ƙarfen ya taɓa wani abu kuma haƙori ya ɗebi lomar da ta fi ƙarfinsa, injin gaba ɗaya yakan yi tsalle ya nufo fuskarka kafin ka ƙifta ido. Tsofaffin manyan injinan nan kuma da yawansu ba su da birkin sarƙa. Na ga wani magidanci da tabo tun daga kafaɗa har ƙirji, kuma da bakinsa ya gaya mini shi ya goge tudun. A ganina, duk wanda ya ce maka wannan dabara ce, ka tambaye shi nawa asibiti ke karɓa.

Gyaran da na yarda da shi shi ne na tsaga katako. Idan za ka bi tsawon gungume, ka mayar da karkatar haƙoran digiri 10 maimakon 30. Fuskar katakon tana fitowa sumul, kafinta ba ya rage maka kuɗi. Sai dai ka ware wa wannan aikin sarƙarsa daban, don mayar da ita 30 yana cinye haƙori.

Wani abin kuma na yankinmu ne. Bishiyoyinmu a cikin gonaki da bakin hanya suke, ɓawonsu cike da ƙurar hunturu da yashi da ƙasar gara, wani lokacin har da tsohuwar ƙusa ko waya da itacen ya haɗiye. Yashi shi ne babban maƙiyin kaifi. Shi ya sa sarƙa mai zagayayyen tsini ta fi dacewa da mu a kan mai tsini murabba'i. Ta biyun ta fi sauri a itace mai tsabta, amma a nan ba ta daɗewa. Ka sa gatari ka ɓare ɓawon inda za ka yanka, kada ka bar sarƙa ta taɓa ƙasa, kuma ka ɗan shafa mata magagari duk lokacin da ka zuba mai. Baƙin man mota da ake zuba wa sarƙa don araha shi ma yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe, yana cinye ƙusoshin da famfon mai.

Wani lakcaranmu ya taɓa ba mu labarin binciken Michael Mortimore da abokan aikinsa a kan ƙauyukan da ke kewaye da Kano, inda suka nuna cewa manoma na riƙe da bishiyoyin gonakinsu duk da yawan jama'a da buƙatar itacen girki. Na tuna da shi ranar da wani ya zo yana so a kayar masa da ɗanyen gawo. Kawu ya ce masa, "Malam, ganyen nan da yake zubarwa da damina shi ne takin geronka, ni ba zan sa masa injin ba." Mutumin ya tafi yana ƙunƙuni, mu kuma muka wuce wajen wani mataccen mangwaro. A can Kawu ya miƙo mini magagari a karon farko ba tare da ya tsaya a kaina ba, na wasa, na yanka, ɓaraguzai suka fito.