Sanin Abin Da Ke Cikin Zuciyar Maƙwabci

Ya kai mai karatu, ka taɓa yin tunani bisa wannan al'amari? Babu mahalukin da ya taɓa leƙa cikin ƙirjin wani, duk da haka kowace rana kana cewa wane yana fushi, wance tana jin kunya, mai sayen nan yana son akuyata sai dai yana ɓoyewa. Mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Amma abin da ke karanta fuskar, ya juya ta ta zama labari, ƙwaƙwalwa ce. Ya kamata ka san yadda take wannan aiki, gama zaman lafiyarka da maƙwabcinka yana rataye da shi.

1. Yadda yaro ke samun wannan sani

A shekarar 1983 waɗansu malamai biyu, mutanen ƙasar Ostiriya, Heinz Wimmer da Josef Perner, suka gwada yara da wani ɗan labari. Yaro ya ajiye cakulan cikin kabad, ya fita wasa. Da ya ba da baya, sai uwarsa ta ɗauke, ta sa a wani kabad dabam. Aka tambayi yaran, "Sa'ad da ya komo, ina zai nema?" Yawancin 'yan shekara 3 sukan nuna inda cakulan yake yanzu, domin suna tsammani abin da suka sani kowa ya san shi. Daga shekara 4 zuwa 5 ne sukan soma cewa zai nema inda ya ajiye. A 1991 Jeremy Avis da Paul Harris suka yi irin wannan gwaji tsakanin yaran Baka, mazauna kurmin Kamaru, suka iske haka abin yake a can ma.

Kai ma kana iya gwadawa a gida da ƙuliƙuli da ƙwarya da tukunya. Koyarwar da ke ciki ke nan: abin da na sani dabam, abin da ɗan'uwana ya sani dabam. Yaro yakan gane wannan tun bai isa kiwo ba, amma babba yakan manta da shi sa'ad da ransa ya ɓaci.

2. Wuraren da aikin yake

Yanzu akwai na'ura mai nuna sashen ƙwaƙwalwa da ke aiki alhali mutum yana kwance da ransa. A 2003 Rebecca Saxe da Nancy Kanwisher, a Amurka, suka nuna wani wuri a gefen kai, bisa kunne ta wajen baya, wanda ke tashi aiki in mutum yana tunanin abin da wani ke tsammani. Akwai abokin aikinsa a bayan goshi.

A 2004 Tania Singer da abokan aikinta a Landan suka gwada mata tare da mazajen da suke ƙauna. Da mace ta ga alama ana sa wa hannun namijin zafi, sai waɗansu wurare da kan tashi in ita ce ke shan zafin suka tashi. Shi ya sa in ka ga ƙaya ta soki yaro, tsigar jikinka ta tashi.

Akwai kuma waɗansu 'yan ƙullutu biyu can ciki, ana ce da su amigdala. Su ne kamar mai gadi: suna lura da alamar hatsari, su sa gaba ya faɗi tun mutum bai gama tunani ba.

To, ka lura da kyau. Duk cikin wuraren nan babu wanda ke ganin zuciyar wani. Suna tattara fuska, da murya, da abin da ya same ka a dā, su ba ka zato. Sau da yawa zaton yakan yi daidai, saboda haka mukan ɗauke shi kamar sani.

3. Inda zato ke kuskure

Abu biyu ke karkatar da shi, watau baƙunta da tsoro. A 2009, a birnin Bejin na ƙasar Sin, aka nuna wa 'yan makaranta Sinawa da Turawa hoton fuskoki ana sokawa da allura. Wurin jin zafin wani ya fi tashi in fuskar ta irin mutanensu ce, ya ragu in ta baƙo ce. Daga baya aka nuna cewa yawan cuɗanya yana rage wannan bambanci.

Mutumin Birnin Gwari ba ya bukatar a gaya masa mene ne tsoro. Shekaru da yawa 'yan bindiga suka yi sansani cikin dazukan Kamuku da Kuyambana, suka tare hanyar Kaduna, suka hana noma. A watan Mayu na 2018 suka faɗa wa ƙauyen Gwaska, suka kashe mutane da yawa. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo garin a kan maganar sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara bayan ta daɗe a rufe. Bahaushe da Bafillace da Bagwari suka sāke tsayawa wuri ɗaya suna ciniki.

Yanzu ka duba. Manomin da aka sace ƙanensa ya ga baƙo daga daji, fuska a murtuke, yana waige-waige. Mai gadin cikin kansa ya ce, ga ɗan leƙen asiri. Mai yiwuwa haka ne. Mai yiwuwa kuwa makiyayi ne wanda shi ma aka kore masa shanu, ya shekara biyar bai taka gari ba, yana waige don tsoron kada a far masa. Fuskar mai mugun nufi da ta mai jin tsoro sukan yi kama. Jin tsoro ba laifi ba ne, kada kuwa ka bar yin hankali. Amma mai gadi aikinsa ya yi kururuwa, yanke shari'a ba nasa ba ne.

4. Abin da ya wajaba gare ka

A 2018 Tal Eyal da Mary Steffel da Nicholas Epley suka ba da labarin gwaji 25. Sun iske cewa in mutum ya zauna yana kwatanta kansa a matsayin wani, wannan bai ƙara masa dacewa da gaskiya ba. Abin da ya ƙara shi ne tambayar mutumin da sauraron amsarsa. Saboda haka ka riƙe waɗannan:

Na fari, ka raba abin da idonka ya gani da abin da zuciyarka ta zata. "Na gan shi bakin rafi da magariba" shaida ce. "Yana kai wa ɓarayi labari" zato ne.

Na biyu, ka yi gaisuwa, ka tsawaita ta. Tambayar gida da iyali da gajiya ba ɓata lokaci ba ce, ƙofa ce da kakanninmu suka bar mana zuwa zuciyar mutum.

Na uku, kada ka kai zatonka dandali kamar labari. A ƙasar da ta sha wuya, kalma ɗaya tana iya jawo a kashe marar laifi. In ka ga abin da ya tsorata ka, ka gaya wa mai unguwa ko hukuma daidai yadda ka gani, ba ƙari.

Na huɗu, ka tuna kai ma ana zato a kanka. Matarka ba ta san abin da ya same ka a gona ba sai ka faɗa. Kada ka hukunta ta bisa abin da ba ta sani ba, kamar ɗan shekara 3.

Allah kaɗai ke ganin zuciya sarai. Mu an ba mu ido, da kunne, da baki. Wanda ya tambaya kafin ya yanke, ya tsare ran maƙwabcinsa, ya tsare nasa kuma.

Tambayoyi

Don me ƙaramin yaro ke nuna inda cakulan yake yanzu? Waɗanne abu biyu ke karkatar da zato? Wane ne ka yanke wa hukunci cikin ranka a makon nan ba ka tambaye shi ba, yaushe kuma za ka je wurinsa?